Ciwo ya warke, kare bai gama warkewa ba

1/ Ina karatun likitan dabbobi. A ganina, in an yi wa kare ɗori ko tiyatar gwiwa aka tsaya nan, rabin aiki aka yi.

2/ Kare na ɗora kusan kashi 60 na nauyinsa a ƙafafun gaba, 40 a na baya. Ƙafa ɗaya ta ji ciwo, sai ya jibga nauyin kan sauran ukun. Ko ciwon ya tafi, ya riga ya saba. Tsokar ƙafar ta rame, lafiyayyun su gaji.

3/ Ba sai na'ura mai tsada ba. Tsayar da shi, ka ɗan tura ƙugunsa hagu da dama a hankali. Ya ƙware, ya tsaya kan katifa. Sannan ka jera sanduna a ƙasa, ya riƙa tsallakawa da tafiya, ban da gudu. Haka jiki ke sake koyon inda ƙafa take.

4/ Amma fa sai likita ya ba da izini. Mintuna kaɗan, ba kan tayil mai santsi ba. Ɗingishi ya ƙaru? Dakata.

5/ Masu karnukan gadi da na farauta, don Allah kar ku mayar da shi aiki yana taka ƙafa uku.