Zuciyar Hafsa Ba Alƙibla Ba Ce

A muhawarar da ƙungiyarmu ta shirya kwanan baya, wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce wai hafsan soja ya fi farar hula iya yanke shawara, domin shi ba ya ɓata lokaci wajen tunani, abin da zuciyarsa ta raya masa shi yake zartarwa nan take. Aka yi masa tafi rau. Ni ban tafa ba, kuma ga dalilina.

Ni mutumin Boɗinga ne, Satiru kuwa ba ta da nisa da mu. Ran 14 ga Fabrairu 1906, muƙaddashin Razdan na Sakkwato, Hillary, ya tasam ma Satiru da sojan doki ƙarƙashin Laftana Blackwood, don kama jagororin tawayen Mahadiyya. Hillary ya yi gaba wai zai yi wa mutane magana, sai ga Satirawa sun ɓarko da gatura da fartanya da baka. Blackwood ya ba da odar a ja daga, amma da ya hangi Razdan cikin haɗari, sai zuciya ta ɗebe shi, ya ce a matsa gaba alhali sahu bai daidaita ba. Kafin ka ce kwabo an yi musu ƙawanya. Hillary da mataimakinsa Scott da Blackwood kansa duk suka halaka, tare da soja wajen 25, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Ba kukan mutuwar 'yan mulkin mallaka nake yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ramuwar gayyar da ta biyo baya ran 10 ga Maris, inda aka kashe Satirawa kimanin 2,000, aka shafe garin. Gaggawar hafsa ɗaya, talakawa suka biya da jininsu.

Na san za a ce mini fagen fama ba ɗakin lacca ba ne, harsashi ba ya jiran kwamiti. Gaskiya ne. Amma basirar da ke ceton runduna a irin wannan sa'a ba wahayi ba ce, horo ne da gogewa suka taru har suka zama jiki. Blackwood bai san mutanen da ya tunkara ba, ya raina mai fartanya, saboda haka abin da ya motsa shi firgita ce kawai.

To, mu bi hanyar Jega daga Boɗinga mu isa Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari. A 1983, yana Shugaban Ƙasa, sojan Chadi suka shigo yankinmu na Tafkin Chadi. Manjo Janar Muhammadu Buhari, kwamandan runduna ta uku da ke Jos, ya kore su, ya kuma bi su har cikin ƙasarsu, alhali gwamnati ba ta ba da wannan izni ba. Jama'a suka yi ta kirari. Ni a ganina ranar aka koya wa hafsoshi mugun karatu, watau cewa zuciyar mai kaki ta fi umarnin wanda aka zaɓa. Ran 31 ga Disamba na wannan shekara aka hamɓarar da Shagari, wata uku kacal bayan rantsar da shi karo na biyu. Masu gyaran gaggawar kuwa, ran 27 ga Agusta 1985 'yan'uwansu suka ture su, mulki bai koma hannun farar hula zaɓaɓɓu ba sai 1999.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, sauri ya haifi nawa. Mu da aka turo jami'a don koyon auna magana kafin a furta ta, bai kamata a same mu muna tafa wa rashin tunani ba. Wanda duk ke shakka, ya tambayi dattawan ƙasarmu labarin Satiru.

Wassalam.