Zancen Iyali: Wa Mu Ke Bari a Gida Ranar Zuwa Gidan Tarihi?

 Ga hutun makaranta ya kusa, iyalai da yawa kuwa za su kwashi yara su tafi kallo gidan tarihi. Wannan al'ada ce mai kyau. Amma muna da tambaya guda. Sa'ad da a ke shiga mota, wa a ke bari a gida? Sau da yawa yaron nan ne gurgu, ko yarinyar nan makauniya, ko Kaka wadda gwiwa ta hana ta hawa matakala. Akan ce musu, "Ku zauna, za mu kawo muku labari." Labari kuwa ba ya ƙosar da mai son gani.

Bari mu ɗauki gidan tarihi na Jos misali. An buɗe shi a 1952, da ƙoƙarin wani Bature mai suna Bernard Fagg. A ciki akwai siffofin yumɓu na mutanen Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 kusa da ƙauyen Nok, cikin kudancin Jihar Kaduna ta yau. Siffofin nan sun fi shekara 2,000. Akwai ɗakin tukwane na ƙabilu iri iri. Akwai kuma fili inda aka sāke gina kamannin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Kayan nan gādon kakanninmu ne duka. Ranar rabon gādo kuwa ba a cire ɗa domin ƙafarsa ta shanye.

Dokar ƙasa ma ta tsaya a kan wannan. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna bambanci ga naƙasassu. Ta ba da shekara 5 domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairu 2024. Ta ce a fara sallamar naƙasassu idan ana bin layi. A 2020 kuma aka kafa hukuma ta ƙasa domin kula da al'amuransu. Saboda haka uban da ya tambayi hanyar shigar da ɗansa gurgu ba roƙon alfarma ya ke yi ba, hakkin ɗansa ya ke nema.

To, me naƙasasshe ya ke bukata a irin wannan wuri?

Mai keken guragu yana bukatar gangare maimakon matakala. Magina suna da ƙa'ida mai sauƙi: kowane inci 1 na tudu, a ba shi ƙafa 1 ta tsawon gangare. Idan matakala uku ce, kowace inci 6, gangaren zai zama ƙafa 18. In an gajarta shi, keken zai koma da baya, abin taimako ya zama abin haɗari. Ƙofa kuma ta kai faɗin ƙafa 3, har da ƙofar bayan gida, gama ita ce aka fi mantawa da ita. A tuna kuma guragunmu da yawa keke mai ƙafa uku su ke tuƙawa da hannu, irin wanda a ke ƙerawa a Beautiful Gate a Jos. Ya fi keken asibiti tsawo, yana bukatar fili kafin ya juya. A 2020 aka shaida cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Nijeriya, mun gode wa Allah, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, su da 'ya'yansu.

Makaho da hannu ya ke gani. Kayan tarihi kuwa a bayan gilashi su ke, da dalili mai kyau, gama zufar hannu da yawan taɓawa suna lalata tsohon yumɓu. Maganin wannan ba wuya. Maginin tukwane ya iya yin kwafin kan Nok, a ajiye shi a kan tebur domin a shafa. Yaro ya bi idon nan mai kusurwa uku da yatsa, ya ji hudar ƙwayar idon, ya ji kitson kan. A sa bayani da rubutun makafi a gefe. Masu iya wannan rubutu ba su yi mana nisa ba, gama tun 1953 mishan ta buɗe makarantar makafi a Gindiri.

Kurma kuwa yana ganin kome, amma bakin mai bayani kaɗai ya ke gani yana motsi. Shi yana bukatar rubutu mai girma cikin harshe mai sauƙi, Hausa da Turanci, ko mai fassara da maganar hannu. Tsofaffi kuma benci kawai su ke nema a inuwa, su huta kafin su ci gaba.

Wani zai ce, ai tsofaffin gine-gine kamar Gidan Makama na Kano su kansu kayan tarihi ne, ba daidai ba ne a fasa dokin ƙofa ko a faɗaɗa zaure. Gaskiya ne, mu ma ba mu ce a fasa ba. Kafinta ya iya yin gangaren katako wanda za a shimfiɗa a kuma ɗauke, bango kuwa ba abin da zai same shi. Ɗakin da ba shi shiguwa ko ta yaya, a ɗauki hotunan abin da ke ciki a nuna a waje.

Mu Kirista ba baƙin wannan zance ba ne. Cikin Markus sura 2 mutum huɗu sun kawo shanyayye wurin Yesu a Kafarnahum. Da suka iske ƙofa ta cika, ba su ce masa ya jira labari ba. Rufin ɗaki suka buɗe suka zura shi. Cikin 2 Sama'ila sura 9 Sarki Dawuda ya aika aka kawo Mefiboshet, gurgu, ya ba shi wuri a teburinsa kullum. Littafin Firistoci sura 19 kuma ya hana sa wa makaho abin tuntuɓe.

Ga shawararmu ga iyalai da ekklesiya. Kafin ranar tafiya, mutum ɗaya ya fara zuwa ya duba ƙofa, da hanya, da bayan gida, ya yi magana da ma'aikata da ladabi. Ku zaɓi safiyar ranar aiki, sa'ad da ba cunkoso. Matasa biyu masu ƙarfi su tafi tare da ku. Amma kada a sungumi mutum kamar buhun masara. A tambaye shi tukuna yadda ya ke so a taimake shi. Mai yi wa makaho jagora ya ba shi gwiwar hannunsa ya riƙe, ya riƙa faɗa masa abin da ke gaba. In kun ga abin gyara, Zumuntar Mata ko dattawan ekklesiya su rubuta wa shugaban gidan wasiƙa, su ambaci abu ɗaya ko biyu, su kuma ce a shirye su ke su kawo katako da kafinta.

Kafin mu aika da wasiƙar kuwa, mu ƙirga matakalar da ke ƙofar majami'armu. Idan mai keke ba ya iya shiga sujada ran Lahadi sai an ɗaga shi, daga nan ya kamata aikin ya soma.

Allah ya ba mu hutu lafiya, ya kuma sa bana kada a bar kowa a gida. Sai wata mai zuwa.