SHARHI: Dokar Karnukan Titi a Turkiyya da Nauyin da Ta Ɗora wa Likitocin Dabbobi

A ƙarshen watan Yulin 2024, majalisar dokokin Turkiyya ta amince da dokar da ta umarci hukumomin birane su kwashe karnukan da ke yawo a tituna, su killace su a gidajen ajiye dabbobi. 'Yan majalisa 275 ne suka goyi bayanta, 224 suka ƙi. Tun daga ranar ake ta ce-ce-ku-ce tsakanin gwamnatin Shugaba Recep Tayyip Erdogan da 'yan adawa, da kuma tsakanin iyayen da ke tsoron karnuka su far wa 'ya'yansu da masu kare haƙƙin dabbobi, waɗanda suka laƙaba mata suna dokar kisan kiyashi.

Akwai mutum ɗaya da ba a cika jin muryarsa a wannan muhawara ba, alhali a hannunsa dokar take ƙarewa: likitan dabbobin da ke aiki a gidan killacewa. Shi ne zai duba kare ya ce mai lafiya ne ko mai haɗari, shi ne kuma zai riƙe allurar da za ta raba shi da ransa. Wanda ke son sanin ko wannan doka za ta yi aiki, yanayin wannan likita ya kamata ya fara dubawa.

Abin da dokar ta sauya

Tun shekarar 2004 Turkiyya take da doka mai lamba 5199 kan kare dabbobi. Tsarinta shi ne a kama kare, a yi masa tiyatar hana haihuwa da allurar rigakafi, a maƙala masa alama a kunne, sannan a mayar da shi unguwar da aka ɗauko shi. Shi ya sa baƙon da ya je Istanbul yakan ga manyan karnuka kwance a ƙofar shaguna da alama a kunnuwansu, masu shago na ba su abinci.

Sabuwar dokar ta soke matakin ƙarshe. Yanzu karen da aka kama zai zauna a killace har sai wani ya karɓe shi ya raina. Wanda aka tabbatar yana da haɗari ga mutane ko dabbobi, ko yana ɗauke da cuta mai yaɗuwa ko wadda ba ta jin magani, doka ta ba da damar a kashe shi. An bai wa hukumomin birane wa'adi zuwa ƙarshen 2028 su gina gidajen killacewa, an wajabta musu ware aƙalla kashi 0.3 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin aikin, kuma magajin garin da ya ƙi yana iya fuskantar ɗaurin da zai kai shekara biyu. Tarar wanda ya yasar da dabbarsa a titi ta tashi daga lira 2,000 zuwa 60,000.

Gwamnati tana da hujjarta, kuma hujja ce mai nauyi. Karnuka sun sha far wa yara, sun haddasa haɗurran mota, ga fargabar cutar haukan kare. A watan Maris na 2025 wata yarinya 'yar shekara biyu ta rasu a Konya bayan karnuka sun afka mata, abin da ya sa ma'aikatar harkokin cikin gida ta sha alwashin aiwatar da dokar ba sani ba sabo. Duk mai adawa da dokar da ya rufe ido ga irin wannan rashi bai yi adalci ba.

Lissafin da ya ƙi daidaita

Matsalar tana cikin alƙaluman da gwamnatin da kanta ta gabatar. Ta ƙiyasta cewa akwai karnukan titi kimanin miliyan 4 a ƙasar. A lokacin da aka yi dokar, gidajen killacewa 322 ne, kuma duka-duka karnuka kusan 105,000 za su iya ɗauka. Ma'ana, kowane gurbi ɗaya karnuka kusan 38 ne ke jiransa. Umarnin kamawa ya fara aiki nan take, amma wa'adin gina wuraren ajiyewa ya kai shekara huɗu da 'yan watanni. Wannan giɓi da ke tsakanin kamawa da ginawa, a kan teburin likita yake faɗowa.

Aikin likita a gidan killacewa ya sha bamban da na takwaransa mai asibitin kuɗi, wanda ake kawo masa dabba ɗaya tare da mai ita. Shi garke yake dubawa. Kowane sabon kare sai an gwada lafiyarsa, an yi masa rigakafi, an ware shi na wasu kwanaki kafin a haɗa shi da saura. Akwai cututtuka masu saurin yaɗuwa, irin su wadda ke sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, da wadda ke farawa da tari da majina ta ƙare da taɓa ƙwaƙwalwa. Idan keji ya cika maƙil, babu ɗakin warewa, babu isassun ma'aikatan wanke-wanke, kare ɗaya mai ciwo ya isa ya harbi ɗari. Cunkoso kuma yana sa karnuka faɗa da juna, har wanda ya shigo da sanyin hali ya koma mai cizo.

A nan ne sharuɗɗan dokar ke juyewa su zama tarko. Doka ta ce maras lafiya da mai haɗari kaɗai za a kashe. To amma gidan da ya cika fiye da ƙima shi da kansa yake haifar da marasa lafiya da masu haɗari. Karen da aka kamo lafiya lau, bayan makonni kaɗan sai ya cika sharuɗɗan kisa, kuma sa hannun likita ne zai halatta hakan. 'Yan majalisa sun cire batun kashe karen da ba a samu mai karɓarsa ba, wanda aka yi ta magana a kai kafin a gabatar da ƙudurin, amma ƙarancin wuri yana iya dawo da shi ta bayan gida. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta soki dokar, ta nemi a mayar da hankali ga gagarumin aikin hana haihuwa.

Tsakanin magajin gari da jama'a

Siyasa ta ƙara dagula lamarin. Watanni huɗu kafin dokar, a zaɓen ƙananan hukumomi na 31 ga Maris 2024, jam'iyyar adawa ta CHP ta sha gaban AKP mai mulki, ta riƙe Istanbul da Ankara, ta kuma ƙwace wasu biranen. Saboda haka 'yan adawa suka kalli barazanar ɗaurin a matsayin bulalar da aka tanada domin magadan garinsu. Shugaban CHP, Ozgur Ozel, ya ce biranen da ke hannunsu ba za su kashe karnuka ba. Jam'iyyar ta garzaya Kotun Tsarin Mulki, amma a watan Mayun 2025 kotun ta yi watsi da buƙatar soke dokar.

Likitan gidan killacewa ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Albashinsa da maganin da zai yi aiki da shi duk daga ofishin magajin gari suke fitowa. Daga sama ana matsa masa ya samar da gurbi domin motocin kamu ba sa tsayawa. Daga waje kuma masu fafutuka na bakin ƙofa da wayoyinsu. Makonni kaɗan bayan dokar, hotunan gawarwakin karnuka daga Nigde da Altindag da ke Ankara sun karaɗe kafafen sada zumunta, kuma a watan Oktoban 2024 aka gano gawarwakin karnuka da kyanwoyi cikin ledojin shara a wani gidan killacewa da ke Gebze, lamarin da ya kai ga bincike. Wanda ya aikata zalunci ya cancanci hukunci. Sai dai idan fushin jama'a ya tsaya kan ma'aikatan cikin gida kaɗai, bai kai ga waɗanda suka tsara kasafi da wa'adi ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma abin da wannan aiki yake yi wa zuciyar mai yinsa. Mutum ya yi shekaru yana karatu domin ceton dabbobi, sai ya wayi gari kashe su ya zama wani ɓangare na aikinsa na yau da kullum. Wani bincike da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar a 2019, wanda ya duba mace-macen likitocin dabbobi daga 1979 zuwa 2015, ya gano cewa kashe kai ya ninka na sauran jama'a sau 2.1 a tsakanin maza, sau 3.5 a tsakanin mata. Dalilan suna da yawa, har da bashin karatu, yawan aiki da kusanci da magunguna masu kisa, kuma alƙaluman na Amurka ne. Duk da haka sun isa su nuna cewa wannan sana'a ba ta da sauran ƙarfin da za a yi ta jibga mata kaya.

Abin da tarihi da kimiyya suka nuna

Turkiyya ta taɓa gwada kwashewa. A 1910 hukumomin Istanbul suka tattara dubun-dubatar karnuka suka jibge su a tsibirin Sivriada, inda babu ruwa babu abinci, suka mutu a can. Titunan birnin ba su rabu da karnuka ba. Dalilin a bayyane yake: karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, tana iya haihuwa har sau biyu a shekara, kuma muddin akwai shara da abinci a unguwa, wasu karnukan za su maye gurbin waɗanda aka kwashe.

Game da cutar haukan kare, wadda ke kashe mutane kimanin 59,000 a duniya duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi shi ne ke datse yaɗuwarta. Indiya ma ta fuskanci irin wannan lissafi: a ranar 11 ga Agustan 2025 Kotun Ƙolinta ta ba da umarnin kwashe karnukan birnin Delhi zuwa gidajen killacewa, bayan kwana 11 kuma ta sassauta, ta ce a sake su bayan tiyata da rigakafi, ban da masu hauka da masu cizo.

Magoya bayan dokar Turkiyya suna cewa tsohon tsarin ya gaza. Alƙaluman ƙudurin sun nuna karnuka kimanin miliyan 2.5 aka yi wa tiyata cikin shekara 20, wato kusan 125,000 a shekara, adadin da ba zai taɓa cim ma haihuwar miliyoyin karnuka ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne hukumomin birane da dama ba su zuba kuɗi da likitocin da dokar 2004 ta buƙata ba. Su ne kuma aka damƙa wa sabon aikin, wanda ya fi tsohon tsada nesa ba kusa ba, domin tiyata sau ɗaya ake yi, ciyar da kare a keji kuwa yana iya ɗaukar shekara goma.

Kafin wa'adin 2028 ya cika, ma'aunin da ya dace a riƙa auna dokar da shi ya wuce yawan karnukan da aka kwashe daga titi. A tambayi kowace hukumar birni likitoci nawa ta ɗauka, karnuka nawa kowannensu ke dubawa, nawa suka mutu a killace kuma me ya kashe su. A kuma ba likita kariyar da zai iya ƙin sa hannu kan kashe lafiyayyen kare ba tare da ya rasa aikinsa ba. Idan aka rasa waɗannan, iyaye ba za su samu titunan da aka yi musu alkawari ba, kuma hukuncin da 'yan majalisa suka kauce wa rubutawa ƙarara, likitan dabbobi ne zai ci gaba da zartar da shi a bayan katanga.