Aku a Keji, Kurmi Ba Kowa

Duk ɗalibin Hausa ya san aku tun kafin ya gan shi ido da ido. A cikin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, aku ne ya tsare Musa a gida da labarai, har daga baya aka naɗa shi waziri. Ba mamaki ke nan in mai hali a Aboabo ko Sabon Zongo na Kumasi ya so rataye keji a zaure, yaransa su koya wa tsuntsu sallama. Sha'awa ce mai tushe, amma wanda ke biyan farashinta ba mai saye ba ne.

Aku mai ruwan toka da jar wutsiya ɗan kurmi ne, kuma Kumasi a tsakiyar ƙasar kurmi take. Binciken da Nathaniel Annorbah da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Ibis a 2016 ya nuna cewa daga 1992 Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan tsuntsu. Dalilan biyu ne: kamu don fatauci, da sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu. Tsuntsun da ke saka ƙwai kaɗan, kuma sai ya shekara da yawa kafin ya fara haihuwa, ba ya iya mayar da gurbin abin da ake kwasa. A shekarar 2016 ɗin ce taron CITES a Johannesburg ya hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe.

Wasu na ganin mafita ita ce tsuntsun waje, kamar ƙaramin makau na Hahn, koren nan mai ja a kafaɗa, ɗan asalin Benezuwela da Guyana da Barazil, wanda tsawonsa bai wuce santimita 30 da ɗoriya ba. Yana kwaikwayon magana, kuma ya fi manyan danginsa sauƙin riƙo. Sai dai ƙanƙantarsa na ruɗin mutane. Yana iya kai shekara 30 a raye, yana da tsananin ƙara wadda gidan haya mai ɗakuna goma ba zai jure ba, kuma in aka bar shi shi kaɗai yakan shiga fige gashinsa. Gero da gyaɗa kawai ba su ishe shi ba, sai da ganye da 'ya'yan itace. In kuma daga daji aka kamo shi, an dai sauya wa ɓarnar nahiya ne kurum.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai saye, kafin ya taya, ita ce inda aka ƙyanƙyashe tsuntsun. Wanda aka haifa a hannun mai kiwo yakan zo da rufaffen zobe a ƙafa, wanda ba ya shiga sai tsuntsu na ɗan tsako, tare da takardarsa. Dillalin da ya kasa nuna waɗannan biyu, ya koma rantsuwa, ya riga ya faɗi inda ya samo hajarsa.