Me Kuka Gano Bana?

Duk ƙarshen shekarar karatu akwai wata takarda da take zagaya ofisoshinmu na malaman jami'a, ana neman kowa ya rubuta abin da ya yi: maƙaloli nawa ya buga, a waɗanne mujallu, ɗalibai nawa ya duba wa kundi, kuɗin bincike nawa ya jawo. Sashe ya tattara ya miƙa wa tsangaya, tsangaya ta miƙa wa ofishin shugaban jami'a, can a ɗinke shi ya zama rahoton shekara mai ƙyalli, wanda za a tsakuro daga cikinsa ranar yaye ɗalibai. Ban raina wannan aiki ba. Hukumar da ba ta yi wa kanta lissafi ba, wani zai yi mata, kuma ba lallai ya yi mata adalci ba.

Bana na cike tawa takardar ranar Alhamis, ranar Asabar kuma na tafi gida Ungogo ɗaurin aure. Bayan an shafa fatiha, wani ƙanen mahaifina, manomi da ya haura shekara saba'in, ya jawo ni gindin darbejiya ya ce, "To Malam, ku da kullum ake cewa kuna bincike, me kuka gano bana?" Na gyara zama na fara yi masa bayanin maƙalar da na buga a wata mujalla ta ƙasar waje. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Allah ya ƙara basira. Ni dai wuta-wuta ta cinye mini dawa damina uku a jere. Ita kun gano maganinta?" Na ce, "Baffa, akwai waɗanda suka yi aiki a kanta." Ya ce, "Suna ina?"

Amsar gaskiya ita ce suna nan kusa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a babur ba. Sabuwar harabar Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo maƙwabciyar mutanen Ungogo ce ta katanga da katanga, ta wajen Rijiyar Zaki da Rimin Gata. Jami'a ce mai tarihin da za a yi alfahari da shi. Ta faro a 1960 a matsayin kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta tsaya da ƙafarta a 1977 da Dakta Mahmud Tukur a matsayin shugaba na farko. A 2012 ta kafa Cibiyar Noma a Busassun Yankuna, wadda daga baya ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, ɗalibai suna zuwa mata daga ƙasashen maƙwabta. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma duk rahoton da ya ambace shi bai yi ƙari ba. Abin da yake damuna shi ne tazarar da ke tsakanin irin wannan ilimi da gonar Baffa, tazarar da ba a samar mata gurbi a takardar da muke cikewa ba, a kowace jami'a ta ƙasar nan da na sani.

Abin mamaki, gonakin nan namu sun daɗe da shiga littattafan duniya. Baturen nan masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan ya dawo Bayero, ya fitar da nazarinsa kan yankin da ke kewaye da birnin Kano tun 1965, kuma ya ci gaba da bibiyar manoman arewa shekaru da dama bayan haka. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda jama'a masu yawan gaske suke noma fili ɗaya kowace shekara, ba a barinsa ya huta, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin kuwa kowane yaro a garinmu ya san shi: jakuna suna shiga birni da itace su dawo da taki a mangala, ana kiwon tumaki da awaki a gida ana kai kashinsu gona, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya, harawa ta koma wa dabba, ba a sare gawo da ɗorawa. Ita ma Polly Hill a Dorayi ta zauna ta rubuta littafinta kan karkarar Kano. Wato kakanninmu ne malaman, Turawa da mu muka zo ɗaukar darasi. Ɗaliban Ingila sun karanta labarin gonakinmu a aji, masu gonakin ba su taɓa jin abin da aka rubuta a kansu ba.

A nan dole in fara da kaina. Lokacin da nake aikin digirin digirgir, na ɗebi ƙasa daga gonaki da dama a ƙauyukanmu. An ba ni fura, an ba ni yaro ya riƙe mini jaka, an amsa mini tambayoyin da ko surukai ba sa yi wa juna, irin su buhu nawa ka samu da bashin nawa ake bin ka. Na auna ƙasar, na rubuta kundi, na sami digiri, na fitar da maƙaloli daga ciki, aka yi mini ƙarin girma. Har yau ban koma na gaya wa mutum ɗaya abin da na gani a ƙasar gonarsa ba. Babu wanda ya hana ni. Babu kuma wanda ya tambaye ni, kuma wannan shi ne bakin zaren.

Malamin jami'a mutum ne kamar kowa, inda aka ajiye lada nan yake nufa. Ma'aunin ƙarin girma yana ba da maki mai tsoka ga maƙalar Turanci a mujallar da aka sani a duniya. Yinin da ka ɓata a gona kana nuna wa manoma yadda ake adana wake a buhu mai ruɓi uku ba tare da magani ba, ko shirin rediyo da ka yi da Hausa, abin da yake jawo maka a lissafi bai taka kara ya karya ba. Matashin malami mai iyali, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ba za a zarge shi ba idan ya zaɓi abin da zai ɗaga shi. Har ta kai wasu suna biyan kuɗi ga mujallun bogi don a buga musu abin da babu wanda ya tantance, adadi ya ƙaru a rahoto, ilimi bai motsa ba.

Amurkawa sun gane wannan da wuri. A 1862 suka yi dokar ba jihohi filaye don kafa jami'o'in noma da sana'a, a 1914 kuma suka ƙara wata doka da ta ɗora wa waɗannan jami'o'i aikin kai sakamakon bincike ga manoma ta hannun malaman gona. Mu ma muna da samfuri a gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin dawa da masara da wake masu yawa, har da waken da aka amince da shi a 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Inda iri ya isa hannun manomi, ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi.

Ɓangaren koyarwa ma haka rahoto yake auna shi, da yawan waɗanda aka yaye da masu daraja ta ɗaya. Ba ya faɗin mutum nawa ne a aji guda, ko ɗalibin kimiyya sau nawa ya taɓa na'ura da hannunsa kafin ya fita. Yajin aikin 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar mu muna tseren cike giɓi, ana matse zango kamar ana ɗura kaya a buhu. Ina da ɗalibai 'ya'yan manoma da za su zana maka taswirar ƙasar Turai amma ba a taɓa tura su su auna gonar mahaifinsu a matsayin aikin aji ba. Wannan kam ba sai an jira Abuja ba, malami ɗaya zai iya gyara shi a kwas ɗinsa.

Shugabanci kuwa, shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, don haka kowa yana son abin da ido zai gani kafin ya sauka. Gini ya fi saurin shiga hoto. Asusun TETFund, wanda asalinsa ya samo daga gwagwarmayar ƙungiyar malamai a 1992 zamanin da Attahiru Jega yake jagorantarta, ya cika harabobinmu da ɗakunan karatu, kuma mun gode. Sai dai amana tsakanin jami'a da maƙwabtanta ba a yanka mata kintinkiri, ga shi kuma tana cin lokacin da ya fi wa'adin mutum ɗaya. Birni yana ta cinye gonakin Ungogo fuloti bayan fuloti, daga Bachirawa har Panisau, kuma jami'a ce ta fi kowa kayan aikin da za ta auna abin da ake asara ta faɗa wa gwamnati.

Roƙona ga majalisun jami'o'inmu ƙarami ne. A ƙara shafi guda a rahoton shekara, kowace tsangaya ta faɗi abin da ya fita daga hannunta ya isa ga jama'ar da ke kewaye da ita, da sunan gari da abin da aka kai. A rubuta shafin da Hausa, a karanta shi a rediyo, jami'ar da ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006 ba za ta rasa masu fassara ba. Sannan a ba wannan aiki makin da zai sa malami ya ɗauke shi da muhimmanci, kuma kada a sa hannu a kundin ɗalibin da ya yi bincike a ƙauye sai ya koma ya yi wa mutanen bayani.

Da na dawo daga ɗaurin auren na nemi wani abokin aikina masanin tsirrai. Ya ce tsiro ɗaya na wuta-wuta yana zubar da dubban 'ya'ya, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar dawa. Shawararsa ita ce a tuge ta kafin ta yi fure a ƙone, a ƙara taki, a huta da dawa a wannan gonar a sa waken suya, wanda yake sa 'ya'yan su tsiro su rasa abin kamawa su mutu, sannan a nemi iri mai jure mata. Bayanin bai ɗauke shi minti goma ba. Na kuma binciko tsohon littafina na awon ƙasa a ƙasan akwati, sunayen masu gonakin suna nan, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya yarda, ni da abokin nawa za mu yi sallah a Ungogo, kuma Baffa ya ce zai tara mana mutane a ƙofar gidan mai unguwa bayan an sauko.