Haƙƙin maida martani: da wane harshe, a wace rana?

Idan jarida ta zargi ɗan takara, wajibi ne ta buga amsarsa? Ƙasashen duniya ba su yi baki ɗaya a kan wannan ba.

A Faransa, dokar 29 ga Yuli 1881 ta tilasta wa jarida mai fitowa kullum ta buga amsar wanda ta ambata cikin kwana 3, lokacin zaɓe kuwa cikin awa 24. A Amurka, a shekarar 1974, kotun ƙoli ta soke wata doka irin wannan ta jihar Florida, bayan jaridar Miami Herald ta ƙi buga amsar ɗan takara Pat Tornillo. Alƙalan sun ga cewa in hukuma ta sami ikon gaya wa jarida abin da za ta buga, ƴan jarida za su riƙa kauce wa maganar siyasa don gudun fitina.

Hujja ce mai nauyi. Amma Nijar ta bi sawun Faransa, dokar ƴancin jarida ta 4 ga Yuni 2010 ta tanadi wannan haƙƙi, kuma daidai ta yi: jaridar da ta tabbata da labarinta ba ta asarar kome don ta bar wanda ta zarga ya buɗe baki.

Sai dai haƙƙin yana tsayawa a hanya. Manomin Tajaye da ya jefa ƙuri'a a zaɓen kansiloli na 13 ga Disamba 2020 ba a jaridun Yamai ya san ƴan takara ba. A rediyo ya ji su, da kasuwa, da muryoyin da ake turawa ta wayar salula. Zargi yana iso masa da Hausa, da ɗuminsa. Amsa kuwa tana fitowa da Faransanci, a birnin da ke nesa da Ƙonni fiye da kilomita 400, wani lokaci bayan an riga an ƙirga ƙuri'u. Wa ta wanke ke nan?

Tun da aka rushe jam'iyyu a watan Maris 2025 babu yaƙin neman zaɓe, watau yanzu ne za a iya tsara ƙa'ida ba tare da kowa ya ce don shi aka yi ba. Ya kamata amsa ta fito da harshen da aka yi zargi, a tashar da aka yi shi, a sa'a ɗaya, kafin ranar zaɓe. Wadda aka buga a takarda kuma a aika ta Illela da Malbaza da Ƙonni, inda waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci za su karanta wa jama'a ita a dandali.