Tsarabar da ba a saye a kasuwa

 A wannan mako za mu jingine zancen farashin hatsi da na siyasa, mu leƙa cikin gida.

Ku tambayi kowane magidanci, attajiri ne a Maraɗi ko ma'aikaci a wani biro na Yamai, abin da ya fi tunawa na ƙuruciyarsa. Da wuya ya ambaci kuɗi. Zai ba ku labarin tabarmar tsakar gida bayan sallar isha'i, da kakarsa tana yi masu gatanar Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su. Zai tuna akushi guda da shi da ƴan'uwansa suke sa hannu, da ragowar tuwon da mahaifinsu ke miƙa wa auta. Ɗan Damagaram zai tuna ranar da aka ɗora shi a kafaɗa don ya hango dawakin sarki a hawan salla. Wasu kuma za su tuna yadda gida duka ke kewaye rediyo lokacin kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin.

Abin lura shi ne, yawancin masu ba da wannan labari ba cikin wadata suka tashi ba. Waɗanda suke yara a watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, su ne iyayen yau. A shekarun nan ma'aikata sun sha yin watanni ba albashi, ƴan kasuwa kuma kayan waje sun yi masu tsada. Duk da haka, yaran wancan zamani suna tuna gidajensu da daɗin rai, domin abin da ya zauna a zukatansu shi ne zaman da ake maimaitawa kullum. Yaro kan manta da rigar salla kafin wata salla ta zagayo, amma hirar da aka yi da shi dare ɗari tana bin sa har tsufa.

To, yau ina aka kwana? Ɗan kasuwa yana kan hanyar Kano ko ta tashar jiragen ruwa, in ya dawo kuma lissafi ya cinye shi. Ma'aikaci an tura shi wata jiha, iyali na wani gari. Wanda ma yake gida, da ya ci abinci sai ya nufi fada, inda ake shan shayi har tsakar dare, al'adar da ta bazu a biranenmu tun shekarun 1990. Ga kuma salula. Yanzu sai ka tarar da mutum biyar a tabarma guda, kowa ya sunkuya kan tasa, babu mai ce wa wani uffan.

Ba mu raina neman halali ba, kuma babu gidan da ke ƙoshi da hira kaɗai. Sai dai ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ke nan abin da ake shukawa a tsakar gida yau shi ƙasa za ta girba gobe. Akwai ma wata riba da ƴan kasuwa suka fi kowa sani. Ƴan uba da suka ci daga akushi guda, suka yi dariya kan gatana guda, su ne ke jin nauyin juna ranar rabon gado. Dukiya nawa muka ga ta watse a gaban alƙali domin magadan ba su da abin tunawa tare?

Gyaran bai buƙatar ko dala. Maigida ya ware dare biyu a mako da zai zauna cikin gida, salula a aljihu, ya tambayi yara abin da mushe ya koya masu a lakwal. Attajiri ya riƙa tafiya da ɗansa ko ɗiyarsa shago a ranar da babu karatu, ya nuna masu yadda ake awo da yadda ake gaida abokin ciniki. Babban hutu kuwa, da yake faɗowa cikin damina, a kai yara ƙauye wurin kakanni, su riƙe hauya, su san sunayen danginsu, uba kuma ya kwana biyu tare da su kafin ya juyo. Uwaye mata, da mafi yawan wannan nauyi ke kansu, a taya su, kada a bar masu shi su kaɗai.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun da yaro ke ɗokin zama kusa da iyayensa kaɗan ne, kuma in sun wuce babu kasuwar da ake sayo su. Allah ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.